Daga Filin Burji Zuwa Ragar Kulob: Yadda Ake Zama Gola a Zariya

A filayen unguwa na Zariya, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, daga Gyallesu zuwa Samaru, har gobe hanya ɗaya ake samun gola. Wanda ya zo a makare, ko wanda ba shi da gudu, ko ƙaramin cikin yara, shi ake turawa tsakanin duwatsu biyu a ce ya tsare. Ta wannan ƙofa na shiga, ta ita kusan duk golan da na sani ya shiga. Na bi matakan har zuwa sa hannu a takardar kulob, yanzu kuma ina bi da wasu yaran a kansu. Abin da ke tafe shi ne aikin kamar yadda yake a jere, da wuraren da yake lalacewa.

Raga ta gaskiya faɗinta mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44. Ranar da yaro ya bar duwatsu ya tsaya a cikinta, ji yake kamar an ce ya tare Ƙofar Doka da hannu biyu. Abin da tsoro ke sa shi yi kuwa shi ne tashi sama a kan kowace ƙwallo, ko wadda taku biyu za su kai shi gabanta. 'Yan kallo suna son haka, suna yi masa ihu, shi kuma ya ɗauka ya iya. Wannan ne ciwon farko da nake magancewa, kuma ya fi kowanne taurin kai. Gola da ƙafa yake kamu. Hannu ƙarasa aikin kawai yake yi. Saboda haka a watannin farko ba na barin sabon yaro ya faɗi ƙasa sam, duk abin da ya zo sai dai ya taka ya je gabansa.

Tsayuwar ita ce tushe. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, nauyin jiki a gaban tafin ƙafa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, ƙirji ya ɗan rinjaya gaba, hannaye a gaban ƙugu, tafuka suna kallon juna. Abin da ya fi siffar muhimmanci shi ne lokacinta: dole ƙafafun biyu su kasance a dafe da ƙasa a daidai lokacin da ƙafar mai bugu ta taɓa ƙwallo. Idan ka duba ƙwallayen da ake ci daga wajen da'ira, wato babban akwatin da ke gaban raga, mafi yawansu ba ƙarfin bugu ne ya ci su ba. Golan yana cikin tafiya ne aka buga, ko ya yi ɗan tsalle bai sauka ba, ko nauyinsa ya koma diddige. Wanda nauyinsa ke diddige baya zai faɗi, ƙwallon kuma ta wuce ta gabansa.

Wurin tsayuwa da igiya muke koyar da shi. A sami igiya mai tsawon kamar mita 40, a ɗaure bakinta ɗaya a turken dama, ɗayan a na hagu, a ja tsakiyarta zuwa inda ƙwallo take. Abin da ke cikin igiyar nan shi kaɗai ne hanyar da ƙwallo za ta bi ta shiga raga. Sai a tsayar da yaro a kan layi ya miƙa hannu, ya ga tazarar da ke tsakaninsa da igiya ta kowane gefe. A ce ya matso taku uku, ya ga igiyar ta zo kusa da yatsunsa. A zagaya da ƙwallon zuwa gefe, ya ga yadda ragar ta tsuke. Mako biyu na wannan ya fi shekara guda ta "matso, koma". A cikin wasa babu igiya, don haka ɗigon fenariti da ke mita 11 daga layi da kusurwoyin ƙaramin akwati mai mita 5.5 su ne alamominka, da su za ka san inda tsakiyar raga take ba tare da ka waiwaya ba. Kada ka ja layi da takalmi a ƙasa kamar yadda ake yi a unguwa. Dokar wasa ta hana, alƙali yana iya ba ka katin gargaɗi a kai.

Kamu kala uku ne, gwargwadon tsayin ƙwallo. Wadda ta zo daga ƙirji zuwa sama, tafuka biyu a bayanta, manyan yatsu sun kusa haɗuwa, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe don ta shanye ƙarfin. Idan manyan yatsun suka yi nisa da juna, ta tsakaninsu za ta fice, shi ne abin da ake cewa ta zame masa. Wadda ta zo ciki, a rungume ta, ƙananan yatsu a haɗe ta ƙasa, a rufe da ƙirji. Ta ƙasa kuma a durƙusa a kwashe ta, jiki yana bayan hannu, domin filin burji ba ya da amana: ƙwallon da ke tafe lafiya tana iya dukan tsakuwa ta tashi a taku na ƙarshe. Muna yin kamu ɗari zuwa ɗari da hamsin a kowane atisaye kafin a taɓa wani abu. Da kunne ma ana gane mai kyau. Kamun da ya zauna sautinsa ɗaya ne, "ɗif". Idan ka ji "tas-tas", hannu ɗaya ya riga ɗaya isa.

Sai faɗuwa, kuma a nan ƙasarmu take ba mu wahala. Yawancin filayen da yaro zai samu jar ƙasa ce mai tauri, a lokacin rani kamar daɓe. Wanda ya koyi faɗuwa a kanta kai tsaye, jikinsa zai koyi gudun ciwo: ya riƙa saukowa da gwiwar hannu, ko ya kife a kan ciki, ko ya juya baya. Duka ukun suna buɗe hanya a ƙarƙashinsa. Shi ya sa muke neman yashi, ko ramin tsalle na makarantu, ko mu jira ƙasa ta yi laushi bayan ruwan sama. Ana farawa daga zaune, sannan a kan gwiwoyi, sannan a tsugune, sai a ƙarshe a tsaye, kowane mataki sai ya zauna kafin a wuce. Ƙafar da ke kusa da ƙwallo ita ke fara takawa, gefe da ɗan gaba, ita ke tura jiki. Sauka a kan gefen cinya, gefen ƙugu da bayan kafaɗa, ƙirji yana kallon fili. Hannu ɗaya a bayan ƙwallo, ɗaya a samanta, ƙasa ta zama hannu na uku. Gwiwar hannun da ke ƙasa ta fito gaban jiki, kada ta shige ƙarƙashin haƙarƙari. Sau shida zuwa takwas kowane gefe ya isa a zagaye ɗaya, domin da zarar gajiya ta shigo, siffar da ake ginawa ce take rushewa. Kowa yana da gefen da ba ya so. A ninka masa aiki a wannan gefen, don 'yan gaba na kulob suna gano shi cikin minti goma.

Dogon wando mai soso a ƙugu da gwiwa ba ado ba ne a Zariya. Wanda ba shi da kuɗin na kanti ya kai wa tela yankin soson katifa ya ɗinka masa a ciki.

Maganar safar hannu kuwa, yara da yawa suna zubar da kuɗi a banza. Tafin safar roba ce mai laushi, kaurinta milimita 3 zuwa 4, kuma gwargwadon laushinta gwargwadon kamunta, gwargwadon kuma saurin cinyewarta. Mai tsadar da ka gani a hannun golan Turai don ciyawa aka yi ta, burji zai cinye ta cikin 'yan kwanaki. Ka mallaki biyu: mai tauri mai araha ta atisaye, mai laushi ta ranar wasa kaɗai. Awonta: zagaya tafin hannunka da tef ɗin tela ban da babban yatsa, ka duba inci nawa ne, ka ƙara ɗaya. Yawancin manya tsakanin lamba 9 da 11 suke. Kafin wasa a ɗan jiƙa tafin da ruwa, domin robar a jiƙe take kamu, a hunturu ma sai ka ajiye gorar ruwa a gefen raga kana sabuntawa. Bayan wasa a wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi ba tare da omo ba, a matse a hankali, a shanya a inuwa. Ranar Zariya tana busar da robar ta farfashe a wuni ɗaya. Idan za ka tashi daga ƙasa kuma, dunƙule hannu ka dogara da shi. Dafa ƙasa da tafi shi ke kashe safa fiye da kamun ƙwallo.

Abin da ke raba golan unguwa da golan kulob shi ne ƙwallon sama. A unguwa ba a cika kawo kurosin, wato ƙwallon da ake ɗagowa daga gefen fili, mai kyau ba, sai yaro ya girma bai san ta ba, ranar gwaji kuma ita za a fara jefo masa. Ƙa'idar farko: kada ka motsa sai ka karanta tafiyarta. Gara ka makara da rabin taku ka zo da gudu, da ka riga ta ka tsaya a ƙarƙashinta kana jira, don mai tsaye ba ya tashi sama kamar mai tahowa. Idan za a bugo daga gefe, tsaya a tsakiyar raga ko ɗan baya kaɗan, jiki a buɗe rabi ga ƙwallo rabi ga fili, saboda zuwa gaba ya fi komawa baya sauƙi. Tashi da ƙafa ɗaya, ɗaga gwiwar da ke ɓangaren masu tahowa don kare ciki, kama ta a can ƙololuwar da hannunka zai kai. Idan cunkoso ya yi yawa, naushe ta da hannu biyu, sama, nesa, kuma gefe. Wadda aka nausa zuwa tsakiya dawowa take yi. Kuma ka yi magana kafin ka tashi, da murya ɗaya mai ƙarfi. A gida muna cewa "Bar min!" ko "Fitar!" A kulob za ka tarar da Ibo da Bayarabe da Tibi a layin baya, can kalma biyu ce kowa ya sani: "Kipa!" idan kana zuwa, "Awe!" idan ba ka zuwa. Golan da ya fito shiru, shi da ɗan bayansa za su yi karo. Wanda ya fito rabi ya tsaya kuwa, ya bar ragar kuma bai sami ƙwallon ba, wannan ne mafi muni.

Idan ɗan gaba ya tsere ya rage daga kai sai shi, lokacin matsowa shi ne sa'ad da ƙwallon ta bar ƙafarsa. Da ta dawo ƙafarsa, tsaya cak, ka yi ƙasa, tafuka a buɗe kusa da gwiwa. Wanda ya riga faɗuwa shi ya sha kashi.

Katangar bugun tazara aikin gola ce, ba ta kyaftin ba. Alƙali zai auna mita 9.15 tsakanin ƙwallo da katanga. Idan bugun yana tsakiya kusa da da'ira, mutum huɗu ko biyar. Idan ya yi gefe, biyu ko ɗaya. Ka je jikin turken da ke kusa da ƙwallo, ka daidaita mutumin ƙarshe ya ɗan wuce layin turken don kada a lanƙwasa ta bayansa, sannan ka dawo wurin da kake ganin ƙwallon da idonka. Katanga ta tsare ɓangarenta, kai ka tsare naka. Kuskuren da aka fi yi shi ne gola ya taka zuwa bayan katanga kafin a buga, sai a sa ta a inda ya baro. Idan an ɗaga ta sama da katanga ta shiga kusurwa, an yi bugu mai kyau. Idan ta shiga ɓangarenka, laifinka ne.

Dokoki uku sun canza sana'ar nan, kuma duk mai son ci da ita dole ya san su. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da abokin wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. A 2019 aka ce bugun gola ba sai ya fita daga da'ira ba, ɗan baya yana iya karɓa a ciki, abin da ya sa kociyoyi da yawa suke fara gina wasa daga gola. A 2025 kuma aka mayar da lokacin riƙe ƙwallo a hannu daƙiƙa takwas, alƙali yana ƙirga biyar na ƙarshe da yatsu, wanda ya wuce a ba abokan hamayya kwana. Ma'anar duk wannan ita ce golan da ba shi da ƙafa ba shi da kasuwa. Ina sa nawa su shiga wasan 'yan tsakiya sau biyu a mako, su kuma yi bugu da bango da ƙafar da ba su iya ba, hamsin kullum. Idan an mayar maka da ƙwallo, fita daga tsakanin turaku ka karɓa a gefe, don ko ta kuɓuce ba raga za ta nufa ba. Taɓawar farko ta kai ta gefen da babu mai matsowa. A filin da ke da kwazazzabai kuma kada kunya ta hana ka dukanta gaba a bugu ɗaya.

A fenariti doka ta ce aƙalla wani sashe na ƙafa ɗaya ya kasance a kan layi, ko daidai da shi, ko bayansa, a lokacin bugu. Ƙwallon tana isowa cikin kusan rabin daƙiƙa, don haka ba a jiran ganin inda ta nufa. Abin dubawa shi ne ƙafar da mai bugu ya dasa a ƙasa da buɗewar ƙugunsa, galibi inda yatsun ƙafar suka kalla can ƙwallon za ta. Ka jinkirta gwargwadon iko, sannan ka tafi gaba ɗaya. Ina ba kowane gola shawarar ya ajiye ƙaramin littafi yana rubuta wanda ya buga masa, da wace ƙafa, kuma ina ya sa. A gasar da za ka haɗu da mutum gida da waje, littafin nan yana biyan kuɗinsa.

Yanayin garinmu ma darasi ne. A hunturu ƙwallo tana bushewa ta yi santsin ƙura, ƙasa ta yi tauri, tsallen ƙwallo ya ƙaru, hazo kuma ya sa ka makara wajen ganin doguwar ƙwallo. A damina akasin haka: idan ta daki jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta tashi, sulalewa take da sauri, don haka wadda za ka kama a rani, a damina ture ta gefe. Wasan la'asar yana zuwa da rana a ido ga wanda ke kallon yamma, ka faɗa wa kyaftin tun kafin a jefa kwabo, ka kuma riƙe hula mai baki. A watan azumi muna rage nauyin aiki, mu matsar da shi dab da magariba, a bar tsalle da faɗuwa masu yawa, a rarraba shan ruwa tsakanin buɗa baki da sahur maimakon a ɗura shi lokaci ɗaya.

Raunin gola a hannu ya fi yawa, kuma a nan ne na fi ganin ana asarar yara masu kyau. Idan ƙwallo ta daki kan yatsa, gaɓar ƙarshe ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa da kanta, jijiyar da ke miƙe ta ce ta tsinke. Ba a ja, ba a murzawa. Ana ɗaure ta a miƙe da ɗan katako mako shida zuwa takwas ba tare da an bar ta ta lanƙwashe ko sau ɗaya ba, in ba haka ba ta zauna a karkace har abada. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne ciwo a gindin babban yatsa, wajen wuyan hannu, bayan ka faɗi a kan tafi ko ka tare bugu mai ƙarfi. Akwai wani ƙaramin ƙashi a wurin da jini ba ya isarsa sosai. Yana karyewa a ɗauka targaɗe ne, wani lokaci ma hoton farko ba ya nuna karayar sai an sake bayan kwana goma zuwa mako biyu. Idan aka bar shi, ba ya haɗewa, hannun kuma ba zai ƙara jure bugu ba. Ina girmama masu ɗorin gargajiya, amma wannan ba nasu ba ne. Asibitin koyarwa yana nan Shika, a je a ɗauki hoto. Targaɗen yatsa na yau da kullum, ƙanƙara minti 15 zuwa 20, sannan a haɗa shi da maƙwabcinsa da filasta. Wanda ya yi karo da kai har ya ga jiri ko ya rikice, ya fita, ko da shi kaɗai ne gola a wurin. Kuma a guji haɗiyar ƙwaya don a danne ciwo a yi wasa. Tiramadol, ban da illar da kowa ya sani, tun Janairun 2024 tana cikin abubuwan da hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta a lokacin gasa.

Idan yaro ya kai shekara 17 ko 18 yana tsare wa ƙungiyar unguwa ko ta makaranta raga a gasannin gari da na jiha, lokacin neman gaba ya yi. Tsanin gasannin ƙungiyoyi a Najeriya hawa uku ne: NLO a ƙasa, NNL a tsakiya, NPFL mai ƙungiyoyi 20 a sama. Daga Zariya galibi Kaduna ake fara dosa, ko Kano, ko Katsina, ko Jos. Shawarata kullum ita ce a fara daga inda za a ba ka wasa. Kaka guda kana tsaron raga a ƙaramar ƙungiya ta fi kaka uku kana ɗaukar wa manya jakar ƙwallo.

Gwaji ba ya da tausayi ga gola. Za ka tarar da masu tsaron raga da yawa, gurbin da ake nema ɗaya ne ko biyu, kowa a ba shi minti 15 ko 20 a wasan gwaji, wataƙila ma ƙwallo biyu kacal za ta zo maka. Ba mai ɗumama ka, don haka ka isa da wuri da abokin da zai jefa maka, ka yi rabin sa'a kana shiri. Tun da ba ka da iko a kan yawan bugun da zai zo, nuna abin da ke hannunka: murya, tsara 'yan baya ko da ba ka san sunansu ba, wurin tsayuwa lokacin da ƙwallo take can gaba, da rabon ƙwallo mai tsabta. Mai horar da gololi yana kallonka ne a lokacin da sauran jama'a ke kallon wani wuri. Tsayi yana da tasiri, ba zan ɓoye ba, da yawa suna fara duban wanda ya kai mita 1.85. Amma Vincent Enyeama bai kai haka ba, ya ci kofin zakarun Afirka da Enyimba a 2003 da 2004, ya ɗauki kofin Afirka a 2013, ya kuma buga wa Najeriya wasa 101. Ƙafa da karatun wasa ne suka cike masa.

Ka tafi da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, lambar NIN, da takardar sallama daga ƙungiyar da ka baro, kuma ranar haihuwa ta zama ɗaya a cikinsu duka. Rage shekaru ramin ƙarya ne. A gasar 'yan ƙasa da 17 ana ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI, a sauran matakai kuma saɓanin takardu kaɗai ya isa ya rushe ciniki. Gola ma shi ne ya fi kowa rashin buƙatar wannan, tunda sana'arsa ba ta tsufa da wuri. Duk wanda ya zo ya ce wa mahaifinka a sayar da gona ko fili a ba shi kuɗin biza zai kai ka Turai gwaji, a tambaye shi lasisinsa na FIFA da takardar gayyata daga kulob ɗin, a kuma tuntuɓi kulob ɗin kai tsaye. Dokar FIFA ta hana cinikin yaro ɗan ƙasa da 18 zuwa wata ƙasa sai a 'yan yanayi ƙalilan. Wakilin gaskiya daga cinikin yake samun rabonsa.

Ranar sa hannu kada murna ta rufe maka ido. Ka je da wani babba mai karatu, yayanka ko kawunka, a karanta kowane shafi. A duba tsawon kwantiragin, albashi da ranar biyansa, alawus na wasa, kuɗin sa hannu da yadda za a raba biyansa, wanda zai ɗauki nauyin magani idan ka ji rauni, da ko albashi zai ci gaba a lokacin jinya. Kada ka sa hannu a takardar da aka bar gurbin adadi babu komai. Ka karɓi kwafinka a ranar, ka kuma tabbatar an yi maka rajista da hukumar gasar, don wanda ba a yi wa rajista ba ba shi da inda zai kai ƙara. Jinkirin albashi abu ne da ke faruwa, wanda ke da takarda a hannu shi ke iya bin haƙƙinsa.

Daga nan sai abin da ba a gaya wa yara: benci. Kulob yana ɗaukar gola uku, wani lokaci huɗu, ɗaya ne ke wasa, kuma ba a canza shi a minti na 70 kamar ɗan gaba. Sabon shiga na uku ne. Zai yi atisaye daidai da na ɗaya, ya tsaya bayan an tashi 'yan gaba su yi ta dukansa da bugu, ya yi tafiyar wuni guda a mota zuwa kudu, ya zauna minti 90, ya dawo. Ana iya shekara biyu a haka. Abin da na gani da idona shi ne yawancin masu barin sana'ar a wannan zangon suke barinta, ba don an fi su hannu ba. Suna sakin jiki, nauyi ya ƙaru, ranar da na ɗaya ya ji rauni ko ya sami jan kati a kira su ba su shirya ba, damar kuma ba ta cika dawowa ba. Na biyu na ƙwarai yana shirya wa kowane wasa kamar shi zai fara: ya kalli masu bugun kwana na abokan hamayya, ya ɗumama jiki sosai, ya sake motsa jiki a hutun rabin lokaci. Ya kuma riƙe na ɗaya da zuciya ɗaya, don gololi 'yan ɗaki ɗaya ne, koci yana lura da mai hassada. Stanley Nwabali ya zagaya ƙungiyoyin gida har da Katsina United kafin ya tafi Chippa United ta Afirka ta Kudu a 2022. Yana da shekara 27 ya zama golan Najeriya na ɗaya, a gasar kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa farkon 2024, inda ya tare fenariti biyu a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu.

Idan ka sami rigar, kuskure zai zo, kuma naka a allo ake rubuta shi. Ɗan gaba ya zubar da biyar ya ci ɗaya a ɗauke shi a kafaɗa, kai ka tare biyar ɗaya ta zame a ce an saye ka. Wannan zargin yana da ciwo, kuma maganinsa kada a taɓa ganinka da masu caca ko baƙin da ke kiran waya daren wasa. A cikin fili kuwa, abin da muke koyarwa shi ne ka ciro ƙwallon daga raga, ka sha ruwa, ka yi wa 'yan baya magana, ƙwallo ta gaba kuma ka yi mata abu mafi sauƙi. Wanda ke neman goge kuskure da bajinta shi ke fitowa kan kurosin da ba tasa ba, ya ƙara na biyu. Binciken abin da ya faru sai washegari, da bidiyo idan akwai, ko da na waya ne: ina ƙafafuna suke lokacin bugu, ina na tsaya, me na faɗa.

Gola yana nuna ne a wajen shekara 27 zuwa sama, yana kuma iya kaiwa kusan 40 idan ya kula da nauyinsa, barcinsa da kafaɗunsa. Essam El-Hadary na Masar yana da shekara 45 ya tsare raga a gasar kofin duniya ta 2018, har ya tare fenariti a wasansu da Saudiyya. Bayan shekara 30 atisayen yana sauya kama: a rage yawan faɗuwa, a ƙara aikin ƙarfin cinya da ƙugu da na roba mai jan kafaɗa, a ƙara lokacin ɗumama jiki. A waɗannan shekarun ne kuma ya kamata a fara neman takardar koyarwa, tun ana cikin wasa. Akwai kwas a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, akwai lasisin hukumar ƙwallon Afirka, CAF, da ake hawa daki-daki. Wanda ya bar makaranta saboda ƙwallo, ga ABU ga Nuhu Bamalli a cikin gari, hutun ƙarshen kaka ya isa a fara cike takardu. Ƙungiyoyi da yawa a Arewa har yanzu ba su da mai horar da gololi na musamman, a filayen unguwa kuwa ana tura gola gefe ne shi da wani yaro su yi ta jefa wa juna ƙwallo har a gama atisaye.